Gidan da Na Saya wa Inna a Bakin Titi

Ba zan taɓa mantawa da ranar walimar gidana na Boɗinga ba. Ko na so in manta, mutanen Lambara ba za su bari ba, don har yau idan tirela ta wuce muna zaune a wurin suna ko ɗaurin aure, sai wani ya juyo ya dube ni yana murmushi.

Ni malamin sakandare ne a Shagari, kuma ni ne ɗan fari a ɗakinmu. Bayan rasuwar Baba, Inna ta rage ita kaɗai a gidanmu na Lambara, daga ita sai awakinta da ciwon gwiwa da ke tayar mata duk damina. Abin ya tsaya mini a rai. Duk ranar da na je na same ta tana dafa bango kafin ta miƙe, sai in koma gida raina a jagule. Sai na yanke shawarar in sayi gida a Boɗinga, kusa da asibiti, in ɗauko ta ta zauna tare da mu ta huta. Da niyya mai kyau na yi, wannan kam ko a gaban wa zan faɗa.

Dillalin da na yi wa magana ya kira ni ranar Babbar Sallah da hantsi, ya ce in zo maza in ga wani gida. Ranar Sallah fa! (Mai hankali da ya tsaya ya tambayi kansa dalilin da zai sa dillali ya bar naman layyarsa ya fito nuna gida. Ni sai na ce a raina, kai, wannan bawan Allah akwai riƙon sana'a.) Gida ne mai ɗaki huɗu, da rijiya, da darbejiya a tsakar gida, ƙofarsa na kallon babban titin da ya taso daga Sakkwato. Na tsaya a zaure na kasa kunne, ban ji komai ba sai kukan kurciya da kabbarar wani tsoho can nesa. Daidai ƙofar gidan akwai tudun nan da ake yi a kan kwalta don mota ta rage gudu. Har murna na yi da na gan shi, na ce madalla, yara za su tsallaka lafiya.

A wurinmu kowa ya san yadda ake sayen gida. Za ka je ka gaida mai unguwa, ka zauna da maƙwabta, ka sha ruwansu, ka ji abin da za su faɗa da wanda za su yi shiru a kansa. Sannan ka kai maganar wurin manyanka. Ni ban yi ko ɗaya ba, domin dillali ya raɗa mini cewa wani Alhaji daga Sakkwato zai zo gobe da safe. Matata Hajara ce kaɗai ta yi ƙoƙarin taka mini birki.

“Malam, bakin hanya na hwa. Ka tambayi maƙwabta kuwa?”

Na ce, “Ni da niy yi shekara huɗu bakin layin dogo Zariya, ƙarar mota za ki hwaɗa min?”

Gaskiya ne, lokacin karatu na zauna a wani ɗakin haya da jirgin ƙasa ke wucewa ta bayansa. Abin da ban gaya mata ba shi ne, jirgin nan sai ya ga dama yake zuwa, wani lokaci a yi mako ba a ji ɗuriyarsa ba. Idan ya zo ma, fita muke yi kallo. Amma a bakina ya zama kamar na yi zaman barikin soja. Hajara ta ce Allah shi sa alheri, ta ci gaba da suyar namanta.

Zan so in ce ban gano gaskiya ba sai ranar walima, amma ƙarya ke nan. Mako biyu bayan an sa hannu a takarda na koma da mai fenti. Muna tsaye muna zaɓen kala sai ga tirela. Ta taka birki, ta yi wani irin huci, ta hau tudun nan da ƙafafun gaba, na baya suka biyo, bodin ya buga, sannan direba ya taka mai ya bar mu da hayaƙi. Ƙofar zaure ta yi rawa. Kafin in haɗiye miyau wata ta biyo. Mai fenti ya dube ni, ni kuma na dubi bango na ce shuɗi zai fi kyau. Titin nan na sha bin sa a kan babur, ban taɓa tunanin yadda yake ga wanda ke zaune a gefensa ba.

Matsalar ita ce na riga na cika baki. Babu wanda ban gaya wa ba a Lambara. Na ce na samar wa Inna wurin hutu, wuri shiru, ba kukan jaki ba daka. Don haka duk zuwan da na yi sai in sami abin da zan faɗa wa kaina: yau kasuwa ce, yau ana lodin albasa, yau dai tsautsayi ne. Mutum idan ya ƙudurta ruɗin kansa, ba ya rasa hujja.

Ranar walima na ɗauki hayar mota guda ta kwaso dangi. Kawu Bello, yayan Inna, shi ne babba a cikinsu, mutum ne da bai cika magana ba, amma idan ya yi sai ka gwammace duka. Mata suka shiga ciki da Inna, maza muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida (ni na zaɓi wurin, wai don iska). Aka kawo masa da miyar taushe da fura. Limamin unguwa ya ɗaga hannu zai yi addu'a.

Bai kai ga ƙare salati ba tankar mai ta iso. Ya dakata, hannunsa a sama, mu ma namu a sama, har ta gama hucinta ta wuce. Ya sake farawa. Sai tirelar shanu, ita kuma har da hon. Liman mutum ne mai haƙuri, ya jira. A karo na huɗu ya taƙaita, ya shafa da sauri, kowa ya shafa. Kowa ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

Da ina da wayo da na bar maganar nan haka. Amma na kwana uku ina shirya jawabi, kuma malamin makaranta ba ya barin jawabi ya lalace a aljihu. Na miƙe, na gyara babbar riga, na ce, “Jama'a, abin da yas sa nis sayi gidanga, don mahaihiyata ta samu wurin da za ta zamna cikin natsuwa da kwanciyar...”

Tireloli uku ne a jere, cike da buhunan albasa. Na ci gaba da magana don kada a ce na karaya. Ina jin bakina yana motsi, amma ko ni ban ji abin da nake faɗa ba. Ta ukun da ta buga tudu, agogon bango da na rataya a zaure da safen nan ya faɗo ya tarwatse. Da ƙarar ta lafa, sai aka tsinci muryata ita kaɗai a sama, ina ihu iya ƙarfina: “...hankali!”

Kawu Bello ya ajiye ludayinsa a hankali.

“To, ɗan boko, mun ga gida. Wa kat tambaya kahin ka saye?”

Na fara in-ina ina ambaton dillali. Sai maƙwabcina Malam Ummaru mai faci, wanda rumfarsa ke jikin katangata, ya ga kamar ya kamata ya wanke unguwarsu, ya dubi Kawu Bello.

“Wallahi Alhaji, ba a tambaye mu ba. Shekara ukku gidanga na kasuwa. Duk wanda anka kawo, nan bencina yaka zamnawa shi sha ruwa, mota biyu ta wuce, shi tashi, ba ka ƙara ganinai. Malam kaɗai na anka kawo ran Salla, ran da babu mota bisa hanya.”

Nan fa dariyar da aka danne tun addu'a ta ɓalle. Har Liman sai da ya rufe baki da rawani. Ni kuwa ina tsaye, babbar riga ta yi mini nauyi, na rasa ko in zauna ko in shiga gida. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Amma ba dariyar ce ta fi damuna ba. Inna na ciki, kuma na san ta ji komai, ko aƙalla abin da motoci suka bari a ji. Bayan la'asar na same ta a ɗakin da na shirya mata, sabon gado, sabon labule. Ba ta hau gadon ba, tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafa, ƙullin kayanta na gefe ba ta kwance ba. Kasancewata ɗan fari, ba ta kiran sunana.

“Kai wanga, zamna.”

Na zauna. Na ce ta yi haƙuri, zan sa a toshe tagogin gaba, zan mayar da ita ɗakin baya, in ya ƙi ma in sayar in nemi wani can cikin gari.

Ta jira wata mota ta wuce, sannan ta ce, “Gida ya yi kyau, Allah shi yi ma albarka. Amma kak ka wahal da kanka neman wani. Ni Allah ya ruhwa min asiri da motocinga.”

Ban gane ba, na ce, “Kamar ƙaƙa, Inna?”

“Wata biyu ina neman abin da zan ce ma wanda ba shi ɓata ma rai. Yau na samu, kowa ya ji da kunnenai, ba mai cewa na ƙi ɗana. Amma tunda mu biyu na, bari in hwaɗa ma. Ko gidanga ba a jin ko kukan kaza, ba ni barin ɗakina. Can ubanka yab bar ni. Can in na wuni ban hito ba, maƙwabta na leƙowa. Nan wa nis sani?”

Na ce, “To mi ya hana ki hwaɗa min tun hwarko?”

Ta dube ni, ba faɗa ba fushi.

“Ka tambaye ni?”

Na yi ta laluben ranar da na tambaye ta, ban samu ba. Na gaya mata, na gaya wa dangi, na gaya wa duk wanda ya tsaya saurarena a Lambara. Tambaya ce dai ban yi ba. Da na yi a ranar, a makare, abin da ta ce tana so bai taka kara ya karya ba: a gyara mata rufin ɗaki kafin damina, a sa mata abin dafawa a bakin ƙofa, in riƙa zuwa ina kai ta asibiti idan gwiwar ta motsa. Da yamma ta bi motar dangi ta koma.

Ni ne dai a gidan har yau, da Hajara da yara, don wani mai saye bai zo ran Sallah ba tukuna. Mun koyi yin hira guntu-guntu. Abin da na ɗauka daga lamarin shi ne, alheri ma sai an yi sallama kafin a shiga da shi gidan mutum. Yanzu ko zane zan saya wa Inna, sai na je na durƙusa na tambayi kalar da take so, kuma sau da yawa sai ta ce ba zane take buƙata ba, dusar awaki ce ta ƙare.