Makullin Mota a Ƙasan Ɗakin Likita

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da bayana ya ƙaryata ni a gaban jama'a. Ni direba ne, ina jigila tsakanin Ƙaura da Shinkafi da motar yayana. Da ciwon baya ya kai sai an kama ni nake fitowa daga mota, Yaya ya karɓe makulli, ya ce sai likitan gashin ƙashi ya yarda na samu sauƙi.

Likitan yana da wata tambaya: daga sifili zuwa goma, ina ciwon yake? Zuwan farko na ce masa sha biyar. Da zaman gida ya ishe ni (yara har sun fara aike na), sai na koma tare da Yaya, ina tafiya kamar soja.

"Yau nawa?" in ji likita.

"Sifili, likita. Ƙasa da sifili ma."

"Madalla. Amma lamba a bakinka take. Sauƙin da nake nema shi ne na aiki. Kana ruku'u? Kana wanke ƙafa ba ka dafa bango ba?"

"Har buhun gero ina ɗauka." (Ko buta ba na ɗauka.)

Yaya ya zaro makullin, ya sake shi a ƙasa. "Ɗauka, ka tafi tasha."

Na naɗe hannun riga, na duƙa da ƙarfina. Wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Na ƙame a nan, ba sama ba ƙasa, yatsuna na lilo a kan makulli. Na yunƙura in miƙe, sai iska ta kuɓuce mini, mai ƙara, har da jan murya.

Ashe ƙofa a buɗe take. Wata tsohuwa daga Moriki da ke jiran layi ta leƙo, ta ce, "Ɗana, taso haka nan. Wanga ruku'u dai alwalarshi ta karye."

A duƙe suka ɗora ni kan gado. Yaya na dariya har da hawaye, ya mayar da makulli aljihu. Sai bayan damina na koma tasha, bayan na yi motsa jikin da aka koya mini da gaske.

Yanzu duk wanda ya ce, "Ya jiki?" ba na gaggawar amsawa. Sai na shiga ɗaki na gwada tukuna, ƙofa a kulle.