Wendell da Tana Dubu Biyu

"Duk faɗin jihar Minnesota babu tanar da ban san halin kakarta ba." Haka Wendell Torgerson ya faɗa a taron iyayen yara, a tsaye, ya turo tumbi gaba. Ni ina can bayan ɗaki da tsintsiyata ina jiran su watse in share. Sunana Merle, shekara ashirin da biyu ina goge daɓen wannan firamare, kuma Wendell mijin ƙanwata Lorraine ne. Ba ni na zaɓe shi ba. Ita ma in ka matsa mata za ta ce maka lokacin ƙuruciya ne.

Abin da ya jawo wannan cika baki kuwa aiki ne. Makaranta za ta ɗauki mai koya wa yara kula da muhalli, kwana uku a mako, kuma Wendell ya sa rai har ya daina cin abinci da kyau. Tun da ya yi ritaya ba shi da abin yi sai fatsa a tabki da gyara wa Lorraine yadda ake jera cokula. Ya je ya sa aka ɗinka masa koriyar hula da rubutun Jagoran Muhalli, alhali ko takardar neman aikin ba a gama karantawa ba.

Shugabar makaranta ta rasa yadda za ta yi da shi, sai ta ce to, a gwada shi. Ga hutun kwana huɗu na watan Oktoba ya zo. 'Yan aji huɗu suna da akwatuna shida na tana, ƙananan jajayen nan da ke cin ɓawon ayaba da ragowar tuffa su mai da su taki. Wendell ya kula da su har Litinin, ranar da wata masaniyar daji, Dakta Bisek, za ta kawo ziyara. In komai ya tafi daidai, aiki nasa ne.

Malama Kivela, mai ajin, ta rubuta masa ƙa'idoji a takarda guda: ganye da ɓawo kawai, ban da nama, ban da mai, ban da gishiri. Sarkin Tana ya karɓa, ya yi godiya, ya ɗora kofinsa a kai.

Ranar Alhamis ya buɗe akwati na farko ya tsaya yana girgiza kai kamar likita ya ga mai tamowa.

"Merle, zo ka ga abin tausayi. Waɗannan ne tana? Ko jaririn kifi ba zai waiwaye su ba. Yunwa ce. Matar nan tana ba su ɓawon ayaba sai ka ce masu jinya."

Na ce masa haka Allah ya yi su, kuma shekara uku suna aikinsu ba wanda ya kai ƙara. Ya ce ai ni mai shara ne, in tsaya a kan shara. Na tsaya.

Ranar Juma'a da yamma ake soya kifi a zauren coci, kowa ya sani, rabin gari a can yake cin abinci. Wendell ya bi tebur tebur ya kwashe ƙayoyi, da fata, da soyayyen dankali, da guntun taliya mai cuku, har da man da aka tsiyaye daga kasko. Bokiti biyu. Ya raba wa akwatuna shida daidai wa daida, don shi mutum ne mai adalci, ya danne murfi, ya ƙara wa na'urar ɗumama aji wuta don kada baƙinsa su ji sanyi.

Ranar Lahadi da rana na leƙa makaranta. Tun daga wurin ajiye motoci warin ya tare ni. Na taɓa cire mushen ɓera daga bayan firij a tsakiyar watan Yuli, amma wannan ya fi. Na same shi a aji da kyalle a hanci yana tona akwati da cokali, babu abin da ke motsi a ciki. Wallahi raina ya ɓaci, don yaran nan har suna suka sa wa wasu daga cikin tanar.

"Ka kashe su, Wendell."

"Dama raunana ne. Gara da aka gane da wuri."

Ai ko bai yi wata-wata ba, ya hau motarsa sai shagon kayan fatsa na bakin tabki. Ya dawo da manyan tanar nan da muke sawa a ƙugiya, kowace kamar yatsa, dubu biyu cif, ya kwashe duk abin da ke firij ɗin mai shagon. Na tambaye shi ko ya taɓa tunanin me ya sa ake ajiye su a firij. Ya ce don kada su yi ƙiba. Ya wanke akwatunan, ya zuba sabuwar ƙasa, ya juye su ciki, ya ce gobe yara za su ga yadda tana ke girma in ta samu gwani.

To ka san manyan nan sanyi suke so da rami mai zurfi. Akwatin roba a ɗaki mai zafi ba wurinsu ba ne, kuma ba sa neman izini kafin su tashi.

Litinin ƙarfe shida da rabi na buɗe ƙofa, ƙafata ta zame, na zauna a ƙasa ba shiri. Daɓen da na goge ranar Laraba har yana ɗaukar ido, duk ya zama tana. Suna kan baranda, suna ƙarƙashin kujeru, sun cika takalman roba da yara ke sawa in za a shiga daji. Wasu sun kai har ƙofar ofishin shugaba, kamar masu kawo ƙorafi. Na kira Wendell a waya na gaya masa wasu kalmomi da ba zan maimaita ba, don Lorraine za ta iya karanta wannan labari.

Ya iso da hularsa. Muka kwashe su da tsintsiya da shebur, bokiti uku. Na ce a ɗaure a leda a jefa a shara, kamar yadda allon kowane mashigin tabki yake faɗa. Farfesan ƙugiya ya dube ni da tausayi.

"Shara? A ranar da masaniyar daji za ta zo? Kai Merle, shi ya sa ba ka ci gaba ba. Tana ai gyara ƙasa take yi. Daji zan kai su."

Bayan makarantarmu akwai ɗan daji na itatuwan mapul, mallakar makaranta, inda ake kai yara darasi. Na ce masa kada ya yi. Na faɗa sau biyu. A na uku sai na tuna an ce in tsaya a kan shara, ga kuma daɓe yana jirana. Ta taga na hango shi yana watsa su a gindin itatuwa, hannu sama, kamar mai shuka.

Ƙarfe tara Dakta Bisek ta iso, 'yar gajeriyar mata da takalman tafiya. Ba ta ma tambayi akwatuna ba. Ta ce a wuce daji kai tsaye, don abin da ya kawo ta ke nan. Yara suka jeru, da Malama Kivela, da shugaba, ni ma na bi. Ta durƙusa ta cusa hannu cikin ruɓaɓɓen ganye har wuyan hannu, fuskarta ta cika da murna. Ta ce wannan shimfiɗar ganye ita ce rayuwar dajin, a cikinta 'ya'yan itatuwa da furanni ke tsirowa, kuma ta yawata ƙaramar hukumar nan kaf, dazuzzukan da suka rage da irinta ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Da Wendell ya yi shiru, da wataƙila ya kwana lafiya. Amma an yabi daji ba a ambace shi ba, ina zai iya. Ya ratsa yara ya fito gaba, ya gyara hula.

"Dakta, ai ba ki ga komai ba tukuna. Ki dawo baɗi. Yau da safen nan, da hannuna, na sakar masa manyan tana dubu biyu. Kyauta."

Dakta ta zaro hannunta daga ganye a hankali, ga wata ƙatuwa ta naɗe mata yatsa biyu. Malama Kivela ta rufe ido. Sai Dakta ta juya ga yara ta tambaye su me tana ke yi wa dajinmu. Su ashirin da shida suka amsa da murya ɗaya, don tun watan Satumba suka haddace: ba 'yar nan ba ce, kawo ta aka yi, tana cinye ganye ta bar ƙasa tsirara.

Ta ce to wa ke kawo ta, tun da ita da kanta ko faɗin filin ƙwallo ba ta ƙetarewa a shekara? Suka ce masu fatsa.

"Shekara goma sha tara ina wannan darasi," in ji ta, "kullum sai dai in ce wani mutum. Ban taɓa samun wanda zan nuna ba. Malam Torgerson, don Allah ɗan juyo su gan ka sosai."

Ya juyo. Har da murmushi, don bai gama ganewa ba.

Aikin dai wata yarinya da ta karanta ilimin daji aka ba. Shi kuma aka ba shi wanda ya dace da shi. Ana dama garin mastad, wani ɗan iri mai yaji, a ruwa a kwarara a ƙasa, yajin ya koro tana waje, a tsince. Duk Asabar har ƙasa ta daskare Wendell yana rarrafe a gindin itatuwa da jarka da kwano, idanu na hawaye, Malama Kivela na tsaye a kansa tana ƙirgawa. Ya samo dubu ɗaya da ɗari uku da 'yan kai. Sauran suna can, kuma an gaya masa da zarar ƙanƙara ta narke a dawo.

Kafin Kirsimeti 'yan aji huɗu suka zana babban allo aka kafa a bakin dajin: Abubuwa Huɗu Masu Kashe Dajinmu. Na ɗaya gobara, na biyu ƙwaro mai huda itace, na huɗu wata ƙaya mai mamaye wuri. Na uku mutum ne mai tumbi riƙe da bokiti, kuma don kada a yi kuskure sun rubuta sunansa da na mahaifinsa a ƙasa.

Na kai shi ya gani. Ya daɗe a tsaye, wuyansa ya yi ja. Na ce yau dai kunya ta kama shi, har na fara jin tausayinsa. Can sai ya nuna allon da yatsa.

"Merle, ka duba rashin adalci. Ƙwaro? Ƙwaro ne zai zo gabana?"