Jikan Gainako

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ɗauko kakata a bayan babur, da hannuna, ta je ta kunyata ni a bainar jama'a.

Sunanmu na zuriya Gainako, ƙauyenmu ma Gidan Gainako ake ce masa. Tun ina lakol, makarantar boko, na yanke wa kaina hukunci cewa kalmar Barbarci ce, ma'anarta jarumi, wato ni Babarbare ne. (Kada ku tambaye ni inda na samo. Ta yi mini daɗi a kunne ne kawai.) To da yake akwai wasa tsakanin Barebari da Fulani, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗaya, sai na zama annoba a kasuwar Cadawa. Duk Bafulatanar da na gani, sai na sha nonon da take sayarwa kyauta, in ce haƙƙin ubangida ne. Su kuwa sai dariya, har da riƙe ciki. Na ɗauka barkwancina ne ya kai.

Ranar auren abokina Buba, wani Bafulatani, na cire masa hula a gaban mutane, na ce ta ubangida ce. Kawunsa ya ce, "Kawo shaidar kai Babarbare ne, mu ƙara maka da rigar."

Na rantse ba zan kwana ba hular ba ta zama tawa ba. Na hau babur, na keta rairayi, na ɗauko Kaka tana mita.

"Kaka, faɗa masu asalin sunanmu!"

Ta dube ni, ta ce, "Kai yaro, abin da ka jijjigo ni a kansa ke nan? Gainako ai makiyayi ne da Fillanci. Kakan ubanka Bafillace ne, shanunshi suka mutu, ya yada sanda ya kama noma. Inda ya zauna shi ne garin."

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Ashe duk matan da na sha wa nono sun san ma'anar tun ranar farko!

Buba ya karɓi hularsa, ya miƙo mini sandar kiwo. Nan take wani Babarbare na gaske ya taso, ya cire tawa hular ya ɗora a kansa.

Darasin da na koya, kafin ka ɗauko shaida daga nesa, ka fara jin ta bakinta a gida. Yanzu har na iya gaisuwa da Fillanci, kuma nono saye nake yi.