Ranar da Alhaji Sidi Ya Buga Dara da Duniya

Ranar Talata, sha biyu ga watan Agusta, 2025, Kaduna ta wayi gari da yayyafin nan mai naci, wanda ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. A cikinsa muka fita da maigidana, Alhaji Sidi mai sayar da tayoyi, wanda na daɗe ina yi wa aikin sakatariya. An gayyace shi babban baƙo a taron masu sana'ar wasannin waya da kwamfuta, irin waɗanda ake bugawa ta intanet. Alhaji bai san komai game da wannan sana'a ba. Abin da ya sani dara ce, kuma dara ce ta kai mu.

Wani saurayi ne mai suna Nafi'u, shi da abokansa, suka sa darar gargajiya a cikin waya. Gidajen nan ne dai da 'ya'yan nan, ka jera uku ka ci ɗaya, sai dai kana Kaduna za ka iya bugawa da na Maraɗi ko na Kumasi, ba ka ganinsa, ba ya ganinka. Sun gama aikin, jari ya ƙare. Nafi'u ya yi ta sintiri tsakanin ofishinmu da gidan Alhaji, yana sa wasan a wayar duk wanda ya miƙo masa, har dai Alhaji ya yarda zai zuba jari. Na buga wasiƙar alkawari, saura sa hannu, ya ce a bari sai an dawo daga taro. Shi Alhaji bai ɗauki saƙon waya a bakin komai ba. In ba takarda ba ce da sa hannu da kan sarki, to, a wurinsa hira ce. Nafi'u kuwa ya faɗa mini a asirce cewa in wasiƙar nan ba ta iso ba, ƙarshen wata za su rufe ofis, shi ya koma gyaran waya a kasuwa.

Ya kamata in faɗi matsayin Alhaji a dara. Shekara talatin ba a taɓa cinye shi ba. Duk la'asar akan shimfiɗa tabarma a bayan shago, manajoji da masu kawo kaya su zauna ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sha kaye ya tashi yana kaɗa kai yana cewa, "Kai, Alhaji, kai dai sai kallo." An taɓa yin wani akawu da ya kusa cinye shi. Ban ce akwai dangantaka ba, amma sati na zagayowa aka mayar da shi reshenmu na Saminaka. A gida kuma Alhaji yakan buga da maiɗakinsa, Hajiya Ladingo, kuma da ita yake ba da misalin haƙurinsa.

"Tun muna amarya da ango nake koya mata," yakan ce. "Har yau ba ta gane inda ake sa ɗan fari ba. Amma ina yaba mata, ba ta fushi."

Mun isa otal ɗin aka rataya wa kowa kati a wuya, aka ba mu jaka mai biro da ƙaramin littafi. Zauren cike yake da samari masu gilashi da riguna marasa guga, kowa kansa a sunkuye kan waya. Alhaji ya dube su ya ce mini, "Malama, waɗannan su ne 'yan kasuwar, ko 'yan kasuwar ne suka aiko su?"

Na ce, "Su ne, ranka ya daɗe."

Mai jawabi na farko ya ce yanzu ba a sayar da wasa, kyauta ake bayarwa, sai mutum ya kamu sannan a sayar masa da kwalliya: hula, ko tabarma mai zane, ko 'ya'yan dara masu walƙiya, duk a cikin waya. Alhaji ya tambaye ni ko ana iya sa hular a je ɗaurin aure. Na ce a'a. Ya ce, "Kuma suna saye?" Na ce haka mutumin ya ce. Na ga alamar sana'ar ta fara burge shi.

Ta biyu wata mace ce daga Legas, ta haska zane-zane a babban allo. Ta ce kasuwar ta bar ɗakunan samari ta koma wayoyin matan gida, waɗanda ke bugawa tsakanin ɗora tukunya da sauke ta, kuma duk kamfanin da ya raina su zai ji a jikinsa. Wannan kam ta ba Alhaji dariya, har sai da ya cire gilashi ya goge ido.

"Mata? Ta zo gidana ta gani."

Bayan an sha shayi da cincin aka zo ƙaddamar da darar su Nafi'u. Kowa ya san yadda ake irin wannan a garinmu. In babban baƙo zai buɗe gasar ƙwallo, mai tsaron gida yakan faɗi ta inda ƙwallon ba ta bi ba. Nafi'u ya san haka, ya kuma shirya. Ya ɓoye wani abokinsa a ɗakin da ke bayan zaure da waya a hannu, da umarnin ya ci wa Alhaji 'ya'ya biyu don kada a gane, sannan ya faɗi cikin mutunci.

Mai gabatarwa ya yi wa Alhaji kirari har muryarsa ta shaƙe. Aka rubuta masa suna a allo, Zakin Dara, aka miƙa masa waya. Duk abin da ya taɓa, zaure na gani. Sai ga maɓallai biyu sun fito: na sama an rubuta Aboki, na ƙasa an rubuta Kowa.

Nafi'u ya matso ya ce, "Baba, na saman za a danna."

"Na ƙasan fa?"

"Shi wannan duk wanda ke kan layi a duniya zai haɗa ka da shi, Baba. Ba mu san ko wane ne ba."

"To, tun safe me kuke faɗa? Ba da duniya kuka ce ana bugawa ba?" Alhaji ya juyo ga jama'a ya ɗaga murya. "Abokai na gama da su tuntuni. A ba ni duniya!"

Aka tafa, ya danna Kowa. Ina kallon Nafi'u, ya ɗora hannu a ka, ya tuna yana gaban mutane, ya mayar da abin kamar gyara hula.

Duniya ta aiko da wani da ko suna bai rubuta ba, na'ura ce ta sa masa Baƙo 58. Aka fara kasa 'ya'ya. Alhaji yana bugawa yana yi wa jama'a bayani, "Kun ga nan? Nan ake kama yaro." Baƙon bai ɓata lokaci ba. Kafin Alhaji ya gama bayanin, an ɗauke masa ɗa ɗaya, sannan wani, sannan wani. Su Nafi'u sun sa wa wasan guɗa, duk wanda ya yi nasara sai wayar ta rangaɗa masa. Da guɗar ta cika lasifika, zaure ya ɗauki tafi bisa sabo, har mai gabatarwa ya fara, "Zaki ya—" sai ya ɗaga kai ya ga sunan da ke walƙiya a allo. Tafin ya mutu a hankali, kamar ruwan famfo in an ɗauke.

Alhaji ya ce, "Wannan gaisuwa ce. Baƙo ake girmamawa. A sake."

Aka sake. Wannan karon bai yi bayani ba. Ya naɗe hannun babbar riga, ya nemi kujera, ya zauna. Baƙon nan kamar a zuciyar Alhaji yake kwana: duk ramin da Alhaji ya nufa, sai ya tarar an riga shi. Guɗa ta biyu ta tashi, ba wanda ya tafa sai wani Bature a layin baya da bai san abin da ake ciki ba.

A na uku Nafi'u ya raɗa masa cewa lokaci ya ƙure, akwai sauran masu jawabi. Alhaji ya ce su jira. Ba su daɗe suna jira ba. Da guɗa ta uku ta ƙare, sai ga ɗan saƙo ya fito a allo daga Baƙo 58, da manyan baƙaƙe, kowa na karantawa: SANNU DA ƘOƘARI. Alhaji ya danna a sake, na'ura ta ce baƙo ya tashi.

Ba mu tsaya cin abincin rana ba. A mota ya ce in fito da littafin da aka ba mu a jaka, in rubuta.

"Ki ce musu na janye. Ki ce wasansu na maguɗi ne. Ba mutum ba ne, na'ura suka sa ta buga da ni, don babu ɗan Adam ɗin da zai san dabaruna haka. Ki sa da Turanci mai zafi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko a bari a huce?"

"Na yi kama da wanda ya yi zafi?"

Na ce a'a, na rubuta.

Washegari bai zo ofis ba. Ya bugo ya ce ruwan jiya ya sa masa mura, in kai masa takardar janyewar har gida ya sa hannu. Na sa ta a fayil. Wasiƙar alkawarin nan ta farko ma tana ciki, ban cire ba, don ba a ce in cire ba.

Na tarar da shi a falo da rawani a wuya da kofin shayi, Hajiya Ladingo tana gefe a kan darduma, gilashi a kan hanci, waya a hannu. Muka gaisa, ta tambayi yara, ta ce a kawo mini kunu. Na miƙa wa Alhaji takardar janyewa. Ya karanta yana gyaɗa kai, ya cire murfin biro. Bai kai ga takarda ba sai guɗa ta tashi a falon.

Biron ya tsaya a sama. "Mene ne wannan?"

Hajiya ta ce, "Yi haƙuri, Alhaji, na manta ban rage murya ba. Darar yaron nan ce, Nafi'u. Shi ya sa mini ranar da ya zo. Tana ɗebe kewa." Ta juyo gare ni. "Ke Malama, akwai mutane a cikin abin nan. Jiya da hantsi, ruwa ya hana ni zuwa barka, na samu wani bawan Allah. Wallahi har tausayi ya ba ni. Na cinye shi, ya dawo. Na sake, ya dawo. Ga naci, ga rashin iyawa. Ba don miyata da ke kan wuta ba, ina jin da har yanzu muna nan."

Na dubi kununa.

Alhaji ya yi gyaran murya. "Ya sunansa?"

"Wai Zakin Dara." Ta yi 'yar dariya. "Ina jin yaro ne ya ɗauki wayar babansa. Har na aika masa da sannu, kada ya karaya."

"Ke kuma wa kike a ciki?"

"Ni ban iya sa suna ba. Lamba suka ba ni." Ta miƙa masa wayar. Ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita, ya sake nisantawa. Lambar dai ba ta canza ba.

Hajiya ta dubi fuskarsa, ta dubi tawa, sannan ta cire gilashinta a hankali ta ce, "La ilaha illallahu."

Alhaji ya sake karanta takardar da ke cinyarsa, musamman layin da ya ce ba mutum ba ne. Ya ninke ta biyu, ya ninke huɗu, ya tura ƙarƙashin kofin shayi.

"Malama, ɗayar tana nan?"

"Tana nan, ranka ya daɗe."

"Kawo. Dama ni gwada yaran nake yi, in ga ko abin nasu na gaskiya ne." Ya rattaba hannu. "Kuma in an duba, nasarar ai ba ta fita daga gidan nan ba. Ɗalibata ce. Sai dai ba sai an sa wannan a jarida ba."

Na ce ba za a sa suna na gaskiya ba. Na zura wasiƙar a ambulan, na rubuta adireshin su Nafi'u, kuma kafin azahar na kai ta gidan waya da hannuna, aka manna kan sarki, na jefa ta a akwati. Amma kafin in bar gidan, ina bakin ƙofa ina neman takalmina, na jiyo Alhaji ya sassauta murya.

"Amma Hajiya, ki gaya mini gaskiya. Shekara talatin muna bugawa, ko sau ɗaya ba ki taɓa cinye ni ba. Jiya me ya faru?"

Ta ce, "Jiya ai ban san kai ba ne, Alhaji."