Maitama da Ƙofar But

"Ni da na taɓa kwance injin tirakta ido rufe, makullin but ɗin mota ne zai gagare ni?"

Maitama ke nan, abokina, wanda ya naɗa wa kansa sarautar Injiniyan Funtua, alhali ko tayar keke ya liƙa sai ta sace kafin a kai bakin titi.

Ranar nan maƙwabcinsa Baba Paul ya shirya kai kayan gaisuwar ɗansa gidan surukai a Malumfashi: buhun shinkafa, goro, da wani jibgegen bunsuru mai gemu. Matsalar ɗaya ce, ƙofar bayan motarsa ba ta kamawa, da igiya yake ɗaure ta.

"Haba Baba, ka je gidan surukai da igiya kamar mai kai jaki kasuwa? Kawo sukundireba!"

"Maitama, igiyar nan ba ta taɓa ba ni kunya ba."

"Yau za ka yi sallama da ita."

Gogan naka ya zazzage makullin kaf. Wani sifirin ya yi tsalle ya faɗa kwata, ya bi shi da kallo ya ce, "Dama ado ne." Ya tsiyaya man gyaɗa, ya mayar da abin da ya samu, notin da suka rage ya zuba a aljihu. Aka loda kaya da bunsuru, ya maka ƙofa, garam! Ta kama.

"Ka gani? Aikin ƙwararru!"

"To buɗe mu gani," in ji Baba Paul.

Maitama ya zura ɗan makulli ya murɗa, shiru. Ya ƙara ƙarfi, ɗan makulli ya karye a ciki, ƙas!

"Maitama! Makullin da nake tayar da mota!"

"Kwantar da hankalinka, Baba, ai akwai na ajiya wurin matarka, Mama Dinatu. Ita kuwa ƙofa, daga ciki ake lallashinta."

Ya tsallaka ta kujerar baya, ya dira tsakanin buhu da bunsuru. Lokaci ya ƙure, surukai na ta kira a waya, dole Baba Paul ya karɓo makullin ajiya, ya ja mota da Injiniya a ciki.

Tun daga Funtua bunsuru ya ƙi wannan baƙo. Maitama ya duƙa kan makulli, aka nausa masa ƙaho a mazaunai. Ya juyo zai yi faɗa, aka cinye masa rabin hula. Kafin Bakori aljihun rigarsa ma ya bi hula.

"Baba, tsaya! Dabbar nan ba ta da tarbiyya!"

"Ci gaba da aiki, Injiniya, mun makara."

A ƙofar gidan surukai dangi sun yi cincirindo, mata na guɗa. Maitama ya tattara ƙarfinsa ya doki ƙofa da ƙafa biyu, daidai lokacin da bunsuru ya tunkuɗo shi ta baya. Ƙofa ta wangale. Injiniyan Funtua ya mirgino ƙasa tim, shinkafa a ka, kashin akuya a riga, bunsuru ya dira a kan cikinsa.

Guɗa ta tsaya. Gwaggo Rahab, kakar amarya, ta matso da sandarta ta ƙare musu kallo.

"Paul, bunsuru ɗaya muka ce, ka kawo biyu?"

Maitama ya buɗe baki zai fara bayani, ta ɗaga hannu.

"Mai gemun mun karɓa. Wannan ramammen ku mayar da shi, ko a miya ba zai yi daɗi ba."