Farfesan Hayaƙi da Salansa Mai Inci Biyar

Idan ana rubuta sunayen waɗanda Allah ya yi wa baiwar sani, to a fara da Farfesan Hayaƙi, sauran a bi su da fensir. Da rana ma'aikacin sito ne a kamfanin sayar da fenti, yana jera gwangwanaye. Da an tashi aiki kuwa sai ya zura farar riga irin ta likitoci, ya maƙala tef ɗin awo a ƙugu, ya zama injiniya. Makarantarsa wayar hannu ce. Ya kalli bidiyo goma sha ɗaya a kan injin mota, uku daga ciki har ƙarshe. Shi ya naɗa kansa Farfesa. Maƙwabta suka ƙara masa Hayaƙi, ya karɓa hannu biyu, a zatonsa yabo ne.

Motar da ta yi sa'ar faɗawa hannun wannan gwani 'yar ƙarama ce mai fulogi huɗu, tsohuwa amma mai haƙuri. Ba ma tasa ba ce. Ta matarsa ce, ma'aikaciyar jinya; da ita take zuwa aiki, da ita take sauke yara a makaranta. Sai dai Farfesa ya ga abin kunya ne a ce motar gidan masani irinsa tana tafiya a titi kamar mai neman izini. Ya je wurin masu fasa motoci ya samo tsohon turbo, na'urar nan mai kama da dodon koɗi wadda hayaƙi ke juyawa tana ɗura wa inji iska. Mako shida yana ɗaurawa yana kwancewa, matar tana bin motar haya. Da ya gama, noti huɗu suka ragu a ƙasa. Ya ce masu ƙera motar ne suka yi almubazzaranci.

Saura salansa. Wannan kam sai da walda, walda kuwa ba a koyonta a waya, don haka ya ƙasƙantar da kansa ya je wurin wani dattijo mai walda da ya shekara talatin a kwance ƙarƙashin motoci. Dattijon ya leƙa, ya shafa, ya miƙe yana goge hannu.

"Yallaɓai, bututu mai inci biyu da rabi ya ishe ta. In ka matsa, uku. Injin ƙarami ne, turbon ma haka."

Farfesa ya yi murmushin tausayi, irin wanda malami kan yi wa daƙiƙin ɗalibi.

"Baba, da girmanka, amma wannan harkar ilimi ce, ba ƙona ƙarfe ba. Shi hayaƙi kamar babban mutum yake, ba a fitar da shi ta ƙofar tsukuku. Inci biyu da rabi ai tsinken shan lemo ne. Biyar za ka sa."

"Biyar ta tirela ce, yallaɓai. In faɗin ya kai haka, turbo zai riƙa ɗura iska fiye da ƙima, 'yar ƙofar da ke rage masa ƙarfi ba za ta iya da shi ba. Kuma ƙarƙashin motar ba wuri. Ƙasa zai riƙa lasa."

"Motar tsere dama kusa da ƙasa take," in ji Farfesa, ya buɗe tef ɗinsa ya auna iska.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Dattijon ya dubi motar yadda ake duban akuyar da aka gama cinikinta da mahauci, ya sauke gilashin walda a fuskarsa.

Da yamma Farfesa ya shigo layi da nasara. Motar da a da ba a sanin fitarta, yanzu tun daga kwana ake jinta kamar ana niƙa duwatsu. Tagogi suka ɗauki rawa, jariran layin suka farka tare. Bakin salansar ya leƙo ta baya, faɗinsa ya isa mage ta shiga ta juya. Matar ta zauna a ciki minti biyu ta fito riƙe da kai.

"Baban yara, haƙorana kaɗawa suke."

"Ƙarfi ne kike ji," ya ce mata. "Ba ki saba ba ne."

Ranar gwaji ta zo da kanta. Surukinsa, mahaifin matar, tsohon shugaban makaranta wanda tun ranar farko bai ga abin burgewa a Farfesa ba, ya taho ganin likitan ido. Wata uku ana jiran wannan rana, kuma ƙarfe goma aka ba shi. Matar tana bakin aiki, ta roƙi mijin ya ɗauki haya kawai. Ina. Farfesa ya ga yau ce ranar da tsoho zai san irin surukin da Allah ya ba shi.

Ya ɗauke shi a tasha da jakunkuna biyu. Motar ta ƙara durƙusawa. Tsoho ya ce wani abu, Farfesa ya ga bakinsa na motsi, ya gyaɗa kai, ya ɗauka sa albarka ce.

A gaban kasuwa akwai tudun nan da ake yi a titi don rage gudu. Tayoyin gaba suka haye lafiya. Salansa ta zo ta ce ita nan ta sauka. Motar ta tsaya cak, cikinta a kan tudu, kamar kunkuru a kan dutse. Masu motoci suka cika baya da ham. Da wani mai hankali ne, da ya sauke fasinja da kaya. Amma a ilimin Farfesa babu cutar da ƙarfi ba ya magani, sai ya danna totur har ƙasa.

Turbo ya yi fito, ya koma kururuwa. Injin ya haɗiyi iskar da ba a halicce shi don ita ba, ya yi tari ɗaya mai nauyi, ya yi shiru. Farin hayaƙi ya turnuƙe daga gaba, inda babu bututu ko na inci ɗaya. Da jama'a suka tura motar gefe, salansar ta zauna a tsakiyar titi abinta.

Tsoho ya fito a hankali, ya kakkaɓe rigarsa, ya tsayar da tasi. Kafin ya shiga ya juyo.

"Ɗana, ciwon ido na kawo. Yanzu sai in roƙe su su haɗa da kunne."

Farfesa ya tsaya ya yi wa 'yan kallo jawabi. Ya ce laifin titi ne, ba a gina shi don irin wannan fasaha ba. Matarsa ba ta saurari jawabin ba. Ta karɓi makulli, ta sa aka ja motar zuwa gareji, ta kuma kafa doka: ko madubi ya taɓa, sai dai ya nemi inda zai kwana.

Salansar kuwa wani mai gidan burodi ya tsince ta, ya kafa ta a kan tanderunsa tana fitar da hayaƙi. Farfesa ya samu sabon abin alfahari. Duk wanda suka wuce tare sai ya nuna masa sama ya ce, "Ka ga wancan? Zanena ne." Ran nan mai burodin ya ji shi, ya leƙo da gari a hannu.

"Ashe kai ne, yallaɓai. To sai da na sa aka matse bakinta. Ta yi wa tanderun faɗi, zafi duk ya gudu, burodi ya ƙi gasuwa."