Yadda Za Ka Zama Golan Ƙungiyarka Ranar da 'Yan Wasa Suka Tafi Yajin Aiki

In dai kana da ƙafa biyu, da katin shaida, da ƙungiyar da 'yan wasanta suka shiga yajin aiki, na yi maka alkawari kafin mako ya zagayo za ka tsaya a raga cikin jesin gola, alƙalin wasa na gaske ya hura maka usur na gaske. Ba ruwana da shekarunka, ba ruwana da tumbinka. Ni da nake maka magana mai gyaran firiji ne, ana ce mini Mai Sanyi, shekarata arba'in da bakwai, kuma rabona da gudu tun ranar da karen wani kwastoma ya ƙi yarda cewa aiki na zo yi. Duk da haka na buga wa ƙungiyata wasan gasa, minti sittin da uku cur. Gyara zama.

Mataki na 1: Ka daɗe kana zagin gola

Wannan shi ne tushe. Nemi kujera a bayan raga, ka zauna a kanta shekara talatin. Duk ƙwallon da ta shiga, ka miƙe ka sanar da jama'a cewa ko kakarka da ta kama wannan. Ni haka na yi, da abokina Dogo mai aski a hagu da ni. Tun muna samari muke zama tare, shi ya riƙe tuta, ni in riƙe baki.

Zai fi daɗi in golan ɗan gida ne. Namu ƙanin matata ne, ana ce masa Kyanwa, shi ne kuma kyaftin. Ranar Asabar in zage shi a fili, ranar Lahadi ya zo gidana ya cinye mini nama yana ce mini Yaya. Ka sani, zagin suruki a filin ƙwallo ba ya shiga lissafin zumunci.

Mataki na 2: Samu yajin aiki mai ƙwari

Kada ka yarda da na kwana biyu. Namu ya fara ne da wani ɗan baya da muke kira Katanga, wanda ya yi shekara tara yana tare mana ƙwallo da duk abin da Allah ya hore masa. Ya karye a ƙafa a tsakiyar wasa. Yana kwance a asibiti, filastar ko bushewa ba ta gama ba, aka kawo masa takardar sallama, har da fatan alheri a ƙasanta.

Washegari Kyanwa ya tara 'yan wasa suka rataye takalma. Buƙatarsu biyu ce: a maido da Katanga, kuma a rubuta a kwantiragi cewa duk wanda ya ji rauni a bakin aiki ƙungiya za ta yi jinyarsa. Mai ƙungiya ya shiga rediyo ya ce ƙwallo ai ba tiyata ba ce, kowa ma zai iya bugawa. Riƙe wannan magana, kai ake nufi da kowa.

Mataki na 3: Kada ka zaɓi ɓangare da wuri

Magoya baya za su rabu gida biyu, kai kuma ka tsaya a bakin ƙofar kowanne. A shagon Dogo benci biyu ne. Na dama ya zama na masu cewa 'yan wasa sun yi daidai, na hagu na masu cewa ɗan wasa baƙo ne, yau yana nan gobe ya tafi, ƙungiya ce tamu. Dogo na ɓangaren 'yan wasa, kuma ana gane haka daga ƙeyar mutanen bencin hagu. Ni kuwa a kan bokiti nake zama a tsakiya, duk wanda ya yi magana in ce ai kuwa da gaskiyarsa.

Asabar biyu aka yi ba wasa, gari ya shiga wani hali. Maza suka wuni a gida kamar baƙi. Maƙwabcina direba ya gano cewa 'yarsa ta gama firamare tun bara. Wani ya gyara ƙofar da ta shekara huɗu tana jiransa. Abin tsoron shi ne wasu sun fara jin daɗin hakan.

Mataki na 4: Ɗaga hannu kafin ƙwaƙwalwa ta farga

A mako na uku Sakataren ƙungiya zai zo taron magoya baya da jaka a hammata. Namu ya cire gilashi ya goge ido, ya ce in aka ƙi fita wasa karo na uku, fitar da mu za a yi daga gasar gaba ɗaya. Mutum goma sha ɗaya kawai yake nema, masu kishi, a yi musu rajista.

A nan ba wasa nake ba. Na tuna ranar da mahaifina ya fara ɗora ni a wuya ya shiga da ni filin nan. Na hango filin an sa masa kwaɗo, awaki na kiwo a raga. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Da aka tambayi wanda zai tsaya gola, ɗakin ya juyo gaba ɗaya ya dube ni, saboda shekara talatin ina neman aikin da bakina.

Za a miƙo maka takarda shafi huɗu. Sa hannu kawai. Mai kishi ba ya karatu.

A bakin ƙofa Dogo ya tare ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Mai Sanyi, wurin ƙanin matarka za ka tsaya, shi yana waje saboda mai karyayyar ƙafa. Ka dai ji da kunnenka yadda maganar take.” Na ce masa ƙungiya nake ceto. Ya ce to Allah ya ba da sa'a, in nemi wani wanzamin.

Mataki na 5: Sanar da gida, amma bayan ka ci abinci

Ni na yi kuskure, kafin abinci na faɗa. Maiɗakina ta ajiye ludayi, ta dube ni daga hula zuwa takalmi, ta tambaya ko likita ya sani. Daga nan ta ɗauki kwanona ta juye a kula ta kai wa ƙaninta, ta ce masu yajin aiki sun fi buƙata. Kwana huɗu tana mini magana ta bakin bango: a gaya wa gola ruwan wanka ya yi zafi, a gaya wa gola ya kashe fitila.

Mataki na 6: Yi atisaye daidai gwargwado

Koci ya bi 'yan wasa, saboda haka mai yankan ciyawar fili ne ya horar da mu. Tawagarmu ta haɗa da teloli biyu, da mai faci, da malamin lissafi mai ritaya, da mai kantin magani wanda ya zo da na'urar awon jini ya ce a fara da ita. Aka ce mu zagaya fili sau uku. Muka zagaya rabi, muka zauna muka tattauna sauran.

Jesin Kyanwa aka ba ni. Ta tsaya a saman cibiya ta ƙi gaba. Ɗaya daga cikin telolin ya farke gefe ya ƙara mata ƙyallen labulen ofis. In ka ga hotona da furanni a haƙarƙari, dalilin ke nan.

Mataki na 7: Shiga ta ƙofar baya, kai a sunkuye

Ranar wasa 'yan wasan na gaske suka jeru a babbar ƙofa da kwalaye a hannu, Katanga a gaba a kan sanduna biyu. Bayansu magoya baya ne cunkus, sun sa ja da rawaya kamar kullum, sun zo har bakin fili sun ƙi shiga. Da ganga, da tuta, da waƙarmu, duk a waje. Dogo na tsakiya.

Mu kuma aka shigo da mu a bayan motar ɗaukar kujeru, an rufa mana tamfol. Ta wata huda na hango maiɗakina tsaye kusa da ƙaninta, ita da ba ta taɓa taka filin nan ba. A ciki 'yan kallo ba su kai ɗari biyu ba, rabinsu kuma dariya suka zo yi.

Mataki na 8: Bar ƙwallo ta yi abin da ya kawo ta

Abin da ba a gani daga kujera shi ne raga tana da faɗi. Wallahi daga turke zuwa turke sai ka hau mota. Ƙwallon farko ban gan ta ba, iskarta kawai na ji. Ta biyu na gan ta sarai, na yi mata sallama. Ta uku malamin lissafi ne ya ci mu da kansa, ya ce kusurwar ce ta yaudare shi. Ta biyar ɗan gaban baƙi ya ba ni haƙuri kafin ya buga, ya kira ni Baba.

Kada ka karaya. Duk wadda ta shiga, ka nuna ɗan baya da yatsa ka yi masa tsawa, haka manya suke yi. Aka tafi hutun rabin lokaci shida da nema. Mai kantin magani ya auna mu duka, ya auna kansa, ya ce shi dai ya gama.

Mataki na 9: Saurari suruki

Da aka dawo aka ƙara mana biyu, sai na ji murya a bayana. Kyanwa ne, ya hau katangar bayan raga ya zauna, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, wai don kada a ce ya karya yajin aiki. Ya kasa jurewa. Ya ce in matso gaba taku uku, in daina rufe ido, in daina addu'a da ƙarfi don tana gaya wa abokan hamayya inda nake tsoro.

A minti na sittin da biyu mai faci ya rungume ɗan gabansu kamar ya dawo daga tafiya, aka ba da fanareti. Kyanwa ya ce, “Yaya, hagu zai buga. Hagunka, ba nawa ba. Ka faɗi kawai, nauyinka zai yi sauran.”

Na faɗi. Ƙwallo ta daki furannin labule ta koma. Na tare fanareti, jama'a, ni Mai Sanyi. Kyanwa ya juya ya sanar da na waje, ganga ta tashi, mutanen da suka ƙi shigowa saboda ni suka kama kiran sunana. Daƙiƙa biyar na yi ina sarauta kafin in lura kafaɗata ba ta inda na bar ta.

Mataki na 10: Karanta takardar a kwance

Sakatare ya iso da gudu, ya durƙusa a kaina, na ɗauka sannu zai yi. Sai ya zaro takardar nan ya buɗe shafi na uku, ya nuna mini da biro inda na sa hannu cewa duk raunin da na ji nawa ne. Ya ce motar asibiti ta ƙungiya ta 'yan wasan dindindin ce, amma akwai tasi a bakin titi.

Telolin nan biyu suna tsaye suna ji. Babban ya cire jesi ya ninke ta tsaf, ya ajiye a kan ciyawa, ya zauna. Ƙaramin ya bi shi. Kafin alƙali ya gama duba agogo, duk tawagar tana zaune a ƙasa. Ina jin ba a taɓa yin 'yan wasan da suka shiga yajin aiki awa ɗaya da fara sana'a ba sai mu.

'Yan wasan na gaske ne suka shigo suka ɗauke ni, mutum shida, suna nishi. Katanga na biye da mu a kan sandunansa yana gaya mini wane gado ne mai kyau a ɗakin ƙashi, da wace nas ce ba ta da haƙuri. A tasi maiɗakina ta riƙe mini hannun mai lafiya, ta yi mini magana kai tsaye karon farko a kwana huɗu. Ta ce in na sake, ɗayar kafaɗar ita za ta gocar da ita da kanta.

Mataki na 11: Karɓi sakamako

Hoton tawaga zaune a ciyawa, da ni a sama kamar buhu, ya zagaya wayoyin gari kafin a gama ɗaure mini kafaɗa. Bayan kwana uku mai ƙungiya ya kira Kyanwa ya sa hannu a buƙatun biyu. Aka maido da Katanga. Hukumar gasa ta rubuta mana rashin nasara, amma ba ta kore mu ba, tunda dai mun fito.

Fili ya sake cika, sai dai ba kamar da ba. Direba ya ce yanzu Asabar ta 'yarsa ce. Dogo ya zo asibiti, ya yi mini aski a kan gado, ya yi dariya har da hawaye. Da na ce sai mun haɗu a bayan raga, sai ya ci gaba da goge almakashi. Ya ce ya yafe mini, ya yafe wa kowa, amma tun ranar da ya ji labarin takardar Katanga, in ya ɗaga tutar nan sai ya ji kamar tallar kantin wani yake yi. Ya bar mini ita a gefen gado. Wasa goma sha ɗaya ke nan bai zo ba.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba likita ba ne, ba lauya ba ne, kuma kamar yadda mutum ɗari biyu za su shaida, ba gola ba ne. Duk wanda ya bi matakan nan ya goce kafaɗa, ko ya rasa kwanon abincinsa, ko yaran unguwa suka koma kiransa Takwas da Nema, shi ya jiyo, kada ya zo mini shago. Wanda kuma ya ceto ƙungiyarsa, ya dawo ya tarar da kujerar hagunsa ba kowa, shi ma kada ya tambaye ni mataki na goma sha biyu. Ina kan nema. Kowace Asabar hulata nake ɗorawa a kan kujerar, in wani ya zo zama in ce da mai ita, ya ɗan fita ne.